Karkiyar Baffa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Baffa, yayan mahaifina, ya amsa kiran Ubangijinsa wata Laraba da hantsi, a ƙauyenmu da ke gefen Liba, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Ina gidana a Jega aka kira ni. Kafin in samu mota in isa an riga an kai shi makwancinsa. Tabarmarsa na tarar a naɗe a zaure, ga kekensa jingine da bango, tayar baya a sace.

Cikin gida Gwaggo, ƙanwarsu, tana kuka tana faɗa kamar yana jin ta. "Mutum shi ƙare rayuwatai aji ɗaya! Ɗiyan da yak koya wa baƙi sun zama manya, shi ko hedimasta bai taɓa zama ba." Sai ta share ido da bakin mayafi ta yi istigfari, ta ce ai shi bai taɓa kuka da haka ba, ita ce dai abin ke ci wa rai. A ƙofar gida dillalan albasa daga Aliero, abokan babana, suka cika tabarmi. Na jiyo ɗayansu, mai furfura a gemu, yana cewa hannun Baffa ne ya fara riƙe nasa a kan alli, har yau yana tuna ƙamshin goron da ke bakinsa.

Ranar addu'ar uku Fulani suka zo. Tun da safe muka hango su jere a kan hanyar fadama, maza a gaba da sanduna a kafaɗa, mata a baya da ƙoren nono. Suka zauna can gefe ƙarƙashin dalbejiya. Wani dattijo ya matso ya yi wa 'ya'yan Baffa doguwar ta'aziyya da Fillanci, su kuwa sai amin suke cewa, suna duban juna. Babban ɗan Baffa ya leƙo cikin gida ya ce, "Ina 'yar Jega? Taho ki amsa wa mutanenki."

Na sa hijabi na fita. Abin da na iya haɗawa kaɗan ne, harshen ya yi tsatsa a bakina, amma dattijon ya saurara har na gama, ya gyaɗa kai. A nan wata mata ta kamo hannuna daga baya. Ban buƙaci a gaya mini ko wace ce ba, ko da yake mun daɗe ba mu haɗu ba. Abokiyar karkiyata ce, wadda muka yi aji ɗaya a kan benci ɗaya. Tana riƙe da wata 'yar yarinya siririya mai kitso har kafaɗa, wadda ta ɓoye fuska a zanen uwarta.

Da muka keɓe ta ce mini, "Autata ce. Malam ya yi alkawarin karɓar ta bayan Sallah, ya zaunar da ita da ɗiyan unguwa kafin a kai ta makaranta. Yanzu ubanta ya ce tunda Malam ya tafi, maganar boko ta tafi. Wai babu wanda zai tsare mata harshenta. Na ce akwai ke."

Na ce ta ba ni lokaci in yi shawara da maigidana. Gaskiyar magana tsoro na ji, don ni ba malama ba ce, matar gida ce, karatuna ya tsaya a sakandare. Amma tun daga ranar nake ta juya rayuwar Baffa a zuciyata, shi ya sa na ɗauki biro, don kada abin da ya yi ya bi shi kabari.

Wanda bai san shi ba zai tambaya mece ce karkiya a makaranta. Karkiya dai ita ce itacen da ake ɗora wa shanun huɗa biyu a wuya su ja garma tare. Baffa ɗan manoma ne, ya san ba a horar da sabon sa shi kaɗai, sai an haɗa shi da tsohon da ya san kunya da kwari. To makarantar ƙauyenmu tana tsakanin gonaki da rugage. Kowace shekara aji ɗaya yakan cika da yara iri biyu: mu da muka tashi da Hausa, da 'ya'yan ruga da ba su san ko "zo nan" ba. Wani lokaci a samu ɗan Zabarmawa ɗaya ko biyu. Baffa sai ya ɗauki ɗa daga nan, ɗa daga can, ya zaunar da su wuri ɗaya, ya ba su ɗan allon rubutu ɗaya da alli ɗaya. Ya ce, "Na ɗaure ku. Kowa tsohon sa ne a gonarsu, sabon sa ne a gonar ɗan'uwansa."

Allin ɗaya ba don rashi ba ne, ko da yake akwai rashin. Da gangan yake yi. In kana son alli dole ka roƙa, in za ka roƙa dole ka nemi kalmar da ɗan'uwanka zai ji.

Sau ɗaya na ji ya faɗi abin da ya sa ya fara. Wai a shekarunsa na farkon aiki wani ɗan ruga ya yi ta mutsu-mutsu a aji, yana duban ƙofa, shi kuwa ya daka masa tsawa ya zauna. Ashe fitsari yaron yake ji, ba shi da kalmar da zai nemi izini. Ya saki a wando, aji ya kwashe da dariya, bai sake dawowa ba. Daga nan duk harshen da ya shigo ajinsa, Baffa sai ya bi uwar yaro har gida ya koyi yadda ake cewa ruwa, da "cikina na ciwo", da "zan zagaya". Fillancinsa bai taɓa yin kyau ba. Matan ruga kan rufe baki suna dariya in ya fara, su ce Malam yana tauna maganarsu kamar ɗanyen rogo. Shi ma ya yi dariya ya ce, "To ku gyara mini, ai don haka na zo."

Shekarar da na shiga aji ɗaya, Ardon rugar da ke bayan fadama ya zo makaranta da kansa zai kwashe yaransu. Ina zaune kusa da taga, na ga tsayuwarsu a gindin bishiya, daga baya kuma na ji Baffa yana ba matarsa labari. Ardo ya ce ɗan ƙanensa ya yi shekara biyu a boko, yanzu in kakarsa ta kira shi da Fillanci sai ya amsa da Hausa, in an yi baƙi ma kunyar harshen yake ji. Ya ce, "Malam, kuna karɓar ɗanmu da harshe, ku mayar mana da shi babu. Wa zai kira shanun? Da wane baki zai yi wa uwarsa addu'a in ta tsufa?"

Baffa bai yi masa musu ba. Ya ce, "Ardo, ba ni yi maka rantsuwar ɗiyarka ba ta jin Hausa. Za ta ji, har Turanci in Allah ya so. Amma kai ka fi ni sani, saniyar da ake tatsa kullum nononta ba ya ƙafewa. Zan sa a riƙa tatsar harshenta kowace safiya."

Ardo ya ce, "Wa zai tatsa?"

Baffa ya juyo ya nuna ni ta taga. "Waccan. Ɗiyar ƙanena ce, ɗiyata ce. In kaka ta zagayo, zan kawo ta gaban mahaifiyarka. In ba ta yi magana da ita da Fillanci ba, kwashe ɗiyanku duka, ba ni tare ka."

Haka aka ɗaure ni da 'yar Ardo, ba tare da an tambayi ɗayanmu ba.

Mun daɗe ba mu ce wa juna uffan ba. Ita ta matsa can ƙarshen benci, ni na matsa nan, allo a tsakani kamar iyakar gona. In ina son alli sai in fizge. Wata rana na fizge tana tsakiyar zana baƙi, ta zabura ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Gujjo!" Na ruga wurin Baffa ina kuka, na ce ta zage ni. Ya ce, "Mi tac ce?" Na maimaita masa. Sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya ce gujjo ɓarawo ke nan, kuma gaskiya ta faɗa, in koma in ba ta allinta. Daga baya na ji yana gaya wa wani malami, "In ka ji 'yan karkiya sun fara faɗa, gode Allah, sun fara magana."

Daga zagi muka koma ciniki. In ce mata ruwa, ta ce mini ndiyam. In nuna nonon da take kawowa a ɗan gora, ta ce kosam. Kafin a tashi kowace rana Baffa zai bi benci-benci yana tambaya, "Mi kinka samo yau?" Ba ɗan ruga kaɗai yake tambaya ba, har mu. Wanda ya zo hannu wofi shi zai share aji. Ƙirga ma da harshe uku muke yin ta, Hausa, Fillanci, Turanci, muna buga benci, har masu wucewa zuwa gona su tsaya su saurara.

Ba kowa ya so abin ba. Wani mai duba makarantu ya zo ya tarar da mu muna wannan ƙirga, ya ɓata fuska ya ce an turo malami ya koyar da Turanci, ya mayar da aji kasuwar Jega. Ya gwada mu da tambayoyin Turanci, da yawanmu muka yi zuru. Baffa bai kare kansa da dogon bayani ba. Ya ce gaskiya ne yaransa suna jinkiri a shekarar farko, amma a dawo a duba su a aji huɗu, a ƙirga har da waɗanda ba su gudu ba. Mutumin bai dawo ba. Gwaggo ta yi imani tun daga wannan rana aka rufe wa Baffa ƙofar ƙarin girma. Allah ne masani. Kuma ba zan ce kowace karkiya ta yi tafiya ba. Akwai waɗanda suka ƙare shekara ba su haɗa ido ba, akwai ɗan Zabarmawan da ya yi shiru har iyayensa suka tashi. Baffa kan ambaci wannan yaron har tsufansa.

Rigimar da ta fi tsanani a cikin gidanmu ta taso. Da rani shanun rugar Ardo suka faɗa fadamar babana suka tattake dashen albasa da bai daɗe da kamawa ba. Babana ya dawo gida idonsa jajir, ya tarar da ni a tsakar gida ina rera wata waƙar tatsar nono da abokiyata ta koya mini. Ya ɗauke ni cak ya dire a zauren Baffa.

"Yaya, boko na ba ka ita ka koya mata. Ban ce ka mai da mini ɗiya 'yar ruga ba. Shanunsu sun cinye mini shekara, harshensu kuma shi cinye mini ɗiya? Kwance ta gobe."

Baffa yana da zuciya, wannan duk wanda ya zauna da shi ya sani. Ya miƙe ya ce, "Shanu sunka yi maka ɓarna, ba yarinya ba. Kuma wagga ɗiya tun ranar sunanta tawa ce, ni na raɗa mata suna. Hita mini daga zaure."

Suka daina gaisawa. Inna ta shiga tsakani da kuka, a ɓoye kuma takan ce mini in rage wannan yaren in babana yana gida. Ni dai abin da na gane shi ne in aka kwance ni, abokiyata da duk yaran ruga za su bar makaranta. Sai wata safiya babana ya je fadama ya tarar da Baffa tsugune cikin laka, ya naɗe ƙafar wando, yana sabon dashe, samarin Ardo biyu suna ɗebo masa ruwa. Iri kuwa daga gonar Baffa aka ciro shi. Babana ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tuɓe takalmi ya shiga. Inna ta ce tare suka gama dashen. Da yamma aka aiko da tuwo daga gidan Baffa, babana ya ci. Ba a sake tayar da maganar kwance ni ba.

Da kaka ta zo, wata Asabar bayan sallar asuba, Baffa ya ɗora ni a bayan keke muka nufi ruga. A hanya yana ta sa ni maimaita gaisuwa. Muka tarar ba a fara tatsa ba, maruƙa suna ɗaure a dangwali, wato doguwar igiyar da ake jera su a kai don kada su riga masu tatsa zuwa ga iyayensu. Mahaifiyar Ardo tana zaune a kan buzu a ƙofar bukka, tsohuwa ƙanƙanuwa mai kaifin ido. Ardo a gefe, mata a tsaye, abokiyata a bayan kakarta tana cizon yatsa.

Na durƙusa. Tsohuwa ta ce, "Jam waali?" wato ina kwana. Wallahi sai kaina ya zama fanko. Gaisuwar da na kwana ina bita ta gudu. Ta sake tambaya, na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa. Na ji Baffa ya yi gyaran murya, na ji Ardo ya ja dogon numfashi.

Ina cikin haka, ta gefen ido na hango wani jan maraƙi ya zame wuyansa daga igiya, ya nufi uwarsa a guje. Abokiyata ta sha gaya mini in maraƙi ya riga mai tatsa, ranar gidan ba su da nonon kai wa kasuwa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kwarma ihu da Fillanci, "Maraƙi ya kwance! Ja ɗin nan! Ku tare shi, zai tsotse!" Mata suka watse, abokiyata ta yi tsalle ta riƙe masa kunne, ni na kama wutsiya, ya ja mu cikin kashin shanu, muna ta yi wa juna ihu wa ya saki wa ya riƙe.

Da muka dawo muna haki, tsohuwa tana dariya har da hawaye. Ta kira ni da hannu, ta goge mini fuska da zanenta, ta ce wa ɗanta, "Gaisuwa ko aku a koya masa ya yi. Abin da ya fito cikin firgita, daga ciki yake. Bar yaran." Baffa bai gane duka ba, sai da na fassara masa a hanya. Ya tsayar da keke, ya juya mini baya, ya daɗe yana gyara sarƙar da babu abin da ya same ta.

Abokiyata ta gama firamare tare da ni. Ni na wuce sakandare, ita ta koma ruga, da karatunta da harshenta duka biyu. Baffa kuma ko da ya yi ritaya bai daina ba. Zaurensa ya mayar aji, mutanen ruga su kawo masa yaro kafin a sa shi makaranta, ya ɗaure shi da ɗan unguwa na 'yan watanni. Yakan ce Wanda ya halicci harsuna daban-daban bai yi su don a zubar ba.

Ni ban gane tsoron Ardo sosai ba sai da na haifi nawa. Autata tana wata makaranta a nan Jega inda ko Hausa aka ji a bakin yaro cikin aji sai a hukunta shi. Rannan ta tsaya tana tambayata yadda ake faɗin wani launi da Hausa, ita da aka haifa a tsakiyar Hausawa. Zuwan Baffa na ƙarshe gidana ya ji tana kira na Momi, ya dube ni ya ce, "Ke ma an fara shanye miki nono, ba ki tatsa." Na yi dariya a lokacin.

Na gaya wa maigidana roƙon abokiyata. Ya ce, "Kin san nauyin ɗiyar mutane kuwa?" Na ce na sani, ni ma an taɓa jinginar da ni don ɗiyan mutane. Ya ce in yi istihara. Na yi. Na aika wa abokiyata na karɓa. Bayan addu'ar arba'in uban yarinyar ya kawo ta da kansa, da 'yar jakarta da ɗan goran nono. Daga bakin ƙofa ya faɗi sharaɗinsa, kuma tun kafin ya buɗe baki na san shi. In kaka ta zo zai dawo, ba 'yarsa zai saurara ba, tawa zai saurara. In bai ji Fillanci a bakin autata ba, zai tafi da abarsa, maganar makaranta ta ƙare.

Na shimfiɗa musu tabarma a inuwar tsakar gida, na ba su takarda ɗaya da fensir ɗaya, abinci ma kwano ɗaya. Na ce, "Na ɗaure ku." Kwanaki suka yi ta wucewa, wannan a wancan bakin tabarma, waccan a wannan. Baƙuwar ba ta kuka, sai dai ta zauna tana kallon ƙofa. Na fara cewa a raina wataƙila albarkar a hannun Baffa take, ba a fensir ba.

Shekaranjiya ina tsaka da tankaɗe sai ga autata a guje, baki a tunzure.

"Momi, ta zage ni!"

"Da Hausa?"

"A'a, da nasu."

"To ya aka yi kika san zagi ne?"

"Ai na ga idonta."

Na ajiye rariya. Na lura hannunta ɗaya yana ɓoye a baya, kan fensir ya leƙo ta tsakanin yatsu. Na ce, "Me ta ce?"

Ta cika baki da iska, ta faɗe shi daram, yadda ake faɗinsa a ruga: "Gujjo!"

Na ce ta koma ta ba ta fensirinta, gaskiya ta faɗa. Sannan na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na yi kukan da ban samu yi ba ranar da na tarar da tabarmarsa a naɗe.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka yalwata masa kabarinsa, ka yafe masa zafin zuciyarsa, ka sa kowace kalmar da wani yaro ya samo a ajinsa ta zame masa haske. Mu kuma da ya bari da igiya a hannu, ka ba mu ikon riƙewa har kaka. Amin.